Me Ya Sa Siffar Ƙwayar Zarra Take Ta Canzawa a Littattafan Kimiyya?

Duk lokacin da aka kawo labarin makamashin nukiliya a talabijin, ko taƙaddamar Iran ce ko ta ma'adinan yuraniyom na Nijar, akwai wani zane da ba ya rasa fitowa: ɗan dunƙule a tsakiya, da wasu ɗige-ɗige suna kewaya shi a kan layuka masu siffar ƙwai, tamkar yadda duniyoyi ke kewaya rana. Zanen yana cikin tambarin Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, yana kuma kan bangon littattafan kimiyya na sakandare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masana sun daina ɗaukar wannan zane a matsayin siffar ƙwayar zarra tun kimanin shekara ɗari da suka wuce.

Ɗalibin da ya shiga babbar sakandare yakan ci karo da siffofi har biyar a mako guda, kowace malami ya zana ta a allo sai ya ce an zo daga baya an gano tana da kuskure. Ba laifin yaro ba ne idan ya tambaya: to wacce ce ta gaskiya, kuma me ya sa za a tambaye ni wadda aka riga aka yar a jarrabawa? A wajen aji ma akwai masu kafa hujja da wannan sauye-sauye, suna cewa ai kimiyya shaci-faɗi ce, yau a faɗi magana gobe a warware. Amsar tana cikin sanin dalilin da ya sa aka ajiye kowace siffa, da kuma abin da aka riƙe daga cikinta bayan an ajiye ta.

Kalmomi biyu da ke rikita mutane

Ta farko ita ce zarra. Daga Larabci muka aro ta, kuma duk wanda ya karanta Suratuz Zalzala ya san ta. Malaman tafsiri na farko sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. Daga baya ne Larabawan zamani suka ɗora kalmar a kan abin da Turawa ke kira atom, mu kuma muka bi su. A kimiyya, ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar yanki na tsantsar sinadari wanda har yanzu yake ɗauke da halayen sinadarin. Ƙwayar zarrar zinariya zinariya ce, amma idan aka fasa ta, abin da zai fito ba zinariya ba ne. Ƙanƙantarta kuwa ta kai a jera kimanin miliyan goma kafin su cika milimita ɗaya.

Ta biyu ita ce samfuri. Samfurin ƙwayar zarra ba hoto ba ne, domin babu wanda ya leƙa cikinta ya ɗauko hotonta. Kwatanci ne da ake ginawa don ya bayyana abin da aka auna a ɗakin gwaji, ya kuma yi hasashen abin da za a samu idan aka sake wani awon. Muddin hasashensa yana dacewa da awo ana aiki da shi, ranar da ya saɓa kuma sai a gyara shi ko a nemi wani.

Shekara dubu biyu ana muhawara babu sikeli

Tunanin ya tsufa ƙwarai. A ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, Leucippus da almajirinsa Democritus a ƙasar Girka sun ce idan aka yi ta gutsura abu, dole a kai ga yankin da ba ya ƙara gutsuruwa, wanda suka kira atomos. Aristotle ya ƙi yarda, ya tsaya a kan ƙasa da ruwa da iska da wuta, kuma maganarsa ce ta yi rinjaye a Turai tsawon ƙarnoni. A duniyar Musulunci ma an fafata: malaman ilimin kalami, musamman Ash'arawa irin su Abubakar Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun yi magana a kan jauharul fardi, wato yankin da ba ya rabuwa, yayin da Ibn Sina ya yi musu raddi. Duk wannan da hujjar hankali aka yi shi. Babu ɓangaren da ke da awon da zai kashe bakin ɗan'uwansa, shi ya sa muhawarar ta daɗe ba ta gusa ba.

Dalton ya shigo da sikeli

Wanda ya sauya lamarin shi ne John Dalton, wani malamin makaranta a Manchesta ta Ingila, wanda ya fara bayyana ra'ayinsa a 1803, ya wallafa shi a 1808. Kafin shi, Faransawa biyu, Lavoisier da Proust, sun nuna cewa nauyi ba ya ɓata idan sinadarai suka haɗu, kuma suna haɗuwa ne bisa ƙayyadadden kaso. Dalton ya lura da wani abu da za a iya gani a iskoki biyu da muka sani. Giram 12 na kabon idan ya haɗu da giram 16 na oksijin, yana ba da iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin janareta, wadda take kashe mutane a ɗakin da aka rufe. Idan kuma giram 12 ɗin ya haɗu da giram 32, sai ya ba da iskar da ke sa lemon kwalba kumfa. Daga 16 sai 32, ninki biyu cif, babu 20 babu 25. Abu mafi sauƙi da zai bayyana haka shi ne a ce ƙwaya ɗaya ta kabon tana kama ƙwayar oksijin ɗaya ko biyu, amma ba ta kama ɗaya da rabi.

Samfurinsa dunƙulallen ƙwallo ne marar komai a ciki, kowane sinadari da nauyin nasa. Ya yi kurakurai, har ma ya ɗauka ruwa ƙwayar haidirojin ɗaya ce da ta oksijin ɗaya, alhali haidirojin biyu ne. Manyan masana irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald sun ci gaba da cewa ƙwayar zarra dabarar lissafi ce kawai, har sai da Einstein ya yi lissafin karkarwar ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa a 1905, Jean Perrin ya tabbatar da lissafin da awo daga 1908, sannan Ostwald ya sallama.

Abin da aka ce ba ya rabuwa ya rabu

A 1897, a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Kambirij, J. J. Thomson ya yi nazarin wani haske da ke fita idan aka tura lantarki cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta. Ya ga maganaɗisu da cajin lantarki suna karkatar da shi, daga yawan karkatar kuma ya gane cewa ƙananan ƙwayoyi ne masu cajin negatif, irin na ɓangaren batir mai alamar ɗebewa, kuma nauyinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ƙwayar haidirojin ba. Ko wane ƙarfe ya sa a kwalbar, ƙwayoyin iri ɗaya suke fita. Su ne elektron. Tunda ƙwayar zarra a dunƙule ba ta da caji, dole akwai cajin fozitif da ke daidaita su, don haka a 1904 Thomson ya kwatanta ta da dunƙulen fozitif da elektron suke nutse a cikinsa. Turawan Ingila suka laƙaba wa samfurin sunan wani abincinsu mai zabibi a ciki. Mu a nan, kankana da 'ya'yanta sun ishe mu kwatance.

Harsashin da ya dawo baya

A ganina babu gwajin da ya kai wannan nuna yadda ake kayar da samfuri. Ernest Rutherford, ɗan ƙasar New Zealand kuma tsohon ɗalibin Thomson, yana jagorantar ɗakin gwaji a Manchesta. A 1909 mataimakinsa Hans Geiger da wani ɗalibi ɗan shekara 20, Ernest Marsden, suna harba ƙwayoyin alfa, waɗanda sinadarai irin su radiyom ke fitarwa, a kan fallen zinariya da na wasu ƙarafa da aka daddaƙe har suka yi shara-shara. Ƙwayar alfa tana da cajin fozitif, tana gudu matuƙa, kuma ta fi elektron nauyi fiye da sau 7,000.

Aikin na haƙuri ne. Sai mutum ya zauna a ɗaki mai duhu har idonsa ya saba, sannan ya kafa ido a madubin ƙara girma yana kallon ɗan allon da aka shafa wa wani sinadari mai ƙyalli. Duk ƙwayar alfa da ta faɗa kan allon sai ta yi wal ta ɓace, shi kuma ya ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, har ido ya gaji wani ya karɓe shi.

Idan kankanar Thomson gaskiya ce, cajin fozitif a baje yake ko'ina, ba shi da ƙarfin tare irin wannan harsashi, don haka duka ƙwayoyin za su ratsa su wuce da 'yar karkata kaɗan. Mafi yawansu haka suka yi. Amma Rutherford ya ce wa Marsden ya duba ko akwai masu dawowa baya, sai ga shi akwai, kimanin ɗaya cikin 8,000. Daga baya Rutherford ya kwatanta mamakinsa da na wanda ya harba ƙaton harsashin igwa a kan takarda, harsashin ya dawo ya buge shi.

Mai gaggawa da ya ce ɗaya cikin 8,000 kuskuren na'ura ne. Rutherford ya shafe fiye da shekara yana juya lamarin, a 1911 ya fito da amsa: dukkan cajin fozitif da kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra, fiye da kashi 99 cikin ɗari, a cure suke a wata mitsitsiyar cibiya. Idan aka faɗaɗa ƙwayar zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero da aka ajiye a tsakiyar filin ba. Shi ya sa dubbai ke wucewa ba su taɓa komai ba, ɗaya tilo da ta nufi cibiyar kai tsaye kuma ta sha tunkuɗa. Daga wannan cibiya, wadda ake kira nukiliyas, kalmar nukiliya ta samo asali. Wani masanin Japan, Hantaro Nagaoka, ya taɓa kawo siffa mai kama da wannan tun 1904, amma ba shi da awon da zai tsaya masa.

Tsanin Bohr

Samfurin Rutherford ya zo da babbar matsala. Bisa dokokin lantarki da aka sani a lokacin, elektron da ke kewaya cibiya dole ya riƙa zubar da makamashi a matsayin haske, ya yi ta matsowa har ya faɗa cikin cibiyar cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Da haka abin yake, da babu dutse babu ruwa babu mutum.

Akwai kuma wata tsohuwar tambaya da ba a amsa ba. Idan miya ta tafaso ta zuba a kan wutar gas, harshen wutar yakan tashi daga shuɗi ya koma ruwan ɗorawa. Sodiyom ɗin da ke cikin gishiri ne ke ba da wannan launi, kuma kullum shi ne, ba ya canzawa. Kowane sinadari yana da nasa launukan idan ya yi zafi. Haidirojin yana ba da layuka huɗu da ido ke gani, daga ja zuwa shunayya, kuma tun 1885 wani malamin makaranta a Basel ta Siwizalan, Johann Balmer, ya gano ƙa'idar lissafin da ta dace da su ba tare da ya san dalili ba.

Niels Bohr, ɗan ƙasar Danmak da ya yi aiki tare da Rutherford, ya haɗa matsalolin biyu a 1913. Ya aro tunanin Max Planck na 1900 cewa makamashi a ƙulle-ƙulle yake zuwa, ya ce elektron ba ya zama inda ya ga dama, yana da ƙayyadaddun matakai kamar na tsani. Mai hawa tsani yana iya tsayawa a mataki na biyu ko na uku, amma babu wurin taka ƙafa a tsakaninsu. Muddin elektron yana kan matakinsa ba ya zubar da komai, idan ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa kuma sai ya saki haske daidai gwargwadon tazarar. Da Bohr ya yi lissafin, sai ga layukan Balmer sun fito daidai. Sai dai nasarar ta tsaya a kan haidirojin da makamantansa masu elektron ɗaya. Da aka je kan hiliyom, mai elektron biyu kacal, lissafin ya ƙi fita, duk da gyaran da Arnold Sommerfeld ya yi. Bohr kansa bai iya faɗin dalilin da ya sa matakan suke a ƙayyade ba.

Daga hanya zuwa gajimare

Dalilin ya zo a 1924 daga Louis de Broglie na Faransa, wanda ya ce elektron yana da ɗabi'ar igiya mai kaɗawa. Wanda ya taɓa riƙe molo ya san tsirkiyar da aka ɗaure kai biyu ba ta ba da kowane irin amo, sai wanda tsawonta ya yarda da shi. Haka elektron da cibiya ta riƙe ba ya kaɗawa sai a wasu siffofi ƙididdigaggu, kuma su ne matakan Bohr. An tabbatar da ɗabi'ar igiyar a 1927 a Amurka da Birtaniya. Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin masu tabbatarwar, George Thomson, ɗan J. J. Thomson ne: uban ya karɓi lambar Nobel a 1906 kan aikin da ya nuna elektron ƙwaya ce, ɗan ya karɓa a 1937 don ya nuna igiya ce.

Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 suka shimfiɗa cikakken lissafin. Max Born ya bayyana cewa abin da lissafin ke bayarwa shi ne yiwuwar samun elektron a wani wuri, ba hanyar da yake bi ba. A 1927 Heisenberg ya ƙara da cewa ba zai yiwu a tantance wurin elektron da gudunsa a lokaci guda ba tare da iyaka ba, kuma wannan ba gazawar na'ura ba ce. A nan layukan nan masu siffar ƙwai suka faɗi. Abin da ya maye gurbinsu gajimare ne mai kauri a inda aka fi sa ran samun elektron, mai shara-shara a inda ba a cika samunsa ba. Haruffan s da p da d da f da ɗalibai ke haddacewa sunayen siffofin wannan gajimare ne.

Ita ma cibiyar an buɗe ta. Rutherford ya gano furoton, ƙwayar da ke ɗauke da cajin fozitif na cibiyar, ya sanar a 1919, James Chadwick ya gano niyutron a 1932, wanda nauyinsa ya yi kusa da na furoton amma ba shi da caji. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka ce su ma waɗannan daga wasu ƙananan ƙwayoyi aka gina su, waɗanda ake kira kwak.

To, ƙarya ake koya wa yara?

Masu cewa kimiyya ba ta da tabbas sun faɗi rabin gaskiya, domin samfuri na iya faɗuwa, kuma na yanzu ma bai fi ƙarfin gyara ba. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa kowane sauyi yana share na baya. Giram 16 da 32 na Dalton suna nan, elektron ɗin Thomson yana nan, cibiyar Rutherford ba ta gusa ba, matakan Bohr ma suna nan, hanyoyin kewayen kawai aka cire. Awon ba ya canzawa, bayanin da ake ɗora masa ne ke ƙara faɗi.

A tsakanin malamai kuma akwai saɓani na gaske. Wasu na ganin koyar da zanen Bohr yana dasa wa yaro hoton da zai sha wahalar cirewa a jami'a. Wasu na cewa babu yadda za a fara da lissafin Schrödinger a sakandare, alhali jerin 2, 8, 1 na sodiyom da 2, 8, 7 na kulorin, wato yawan elektron a kowane mataki, ya isa ya nuna wa yaro dalilin da ya sa ɗaya ke bayar da elektron ɗaya ya karɓa har gishiri ya samu, kuma tsarin yana tafiya lafiya a sinadarai 20 na farko. Ni na fi karkata ga na biyun, da sharaɗin malami ya faɗa wa ɗalibai inda zanen ya tsaya. Kuskuren da ake yi shi ne a zana shi a yi shiru.

Su kansu magina samfurin yanzu ba su gama daidaitawa a kan ma'anarsa ba. Einstein bai taɓa gamsuwa da cewa yiwuwa ce ƙarshen magana ba, ya yi ta jayayya da Bohr tun daga taron masana kimiyya na Solvay na 1927 a Brussels. Jayayyar a kan fassara ce, domin dukansu sun yarda lissafin yana dacewa da awo.

Ina abin ya shafi mutumin gari?

Kwan lantarki na LED da ya kori fitilar ƙwai daga gidaje, elektron ne ke saukowa mataki yana sakin haske a cikinsa. Farantin sola a kan rufi akasin haka yake yi, hasken rana ke ɗaga elektron sama. Ƙwaƙwalwar wayar hannu kuwa an gina ta ne a kan sanin yadda matakan elektron suke a cikin silikon, abin da kankanar Thomson ba za ta taɓa bayarwa ba.

Niyutron kuma shi ne mabuɗin fahimtar labaran yuraniyom. Dalton ya ɗauka ƙwayoyin sinadari ɗaya duk nauyinsu ɗaya, ashe yawan niyutron yana bambanta. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta Nijar tun farkon shekarun 1970, kamar na ko'ina a duniya, kusan dukkansa nau'in 238 ne, nau'in 235 da ke saurin fashewa kimanin kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai (lambobin 238 da 235 jimillar furoton da niyutron ce a cibiyar kowane nau'i). Tunda elektron ɗinsu iri ɗaya ne, babu sinadarin da za a zuba ya raba su, sai dai a yi ta wulwula su a na'urori har mai nauyi ya ware daga marar nauyi. Wannan shi ne tacewar da ake ta magana a kai: yawancin tashoshin lantarki suna aiki da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, makami kuwa yana neman kusan kashi 90. A Zariya ma, Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, inda ake jefa wa ɗan gutsuren ƙasa ko dutse niyutron, a gane sinadaran da ke ciki daga hasken da cibiyoyinsu ke mayarwa.